"Ai bai taɓa nuna alama ba": fashin baƙi kan ciwon damuwa da kashe kai

A wajen zaman makoki na fara jin maganar nan. Wani matashi ne a unguwarmu, ɗan jami'a aji uku, aka wayi gari ya kashe kansa, 'yan gidan suka ce wa mutane gajeriyar rashin lafiya ce amma duk layin an san abun da ya faru. Muna zaune kan tabarma ana ta Allah ya jiƙan rai sai kawunsa ke cewa wallahi yaron nan bai taɓa nuna wata alama ba, lafiyarsa ƙalau. Toh da zama ya yi nisa sai ga abokinsa yana cewa ai ya fi wata biyu ba ya fitowa majalisa, wani kuma ya ce ya sha ganinsa a kemis yana sayen maganin ulsa da na barci, daga baya muka ji ashe ya ba ƙanwarsa kwamfutarsa kyauta, ya bi mutane yana ta neman gafara ba tare da wani dalili ba. Kowa na riƙe da guntun labari a hannunsa, ni ma ina da nawa guntun, don na haɗu da shi a masallaci na ga ya rame na ce masa karatu ne ko, ya yi murmushi ya ce eh yaya, na wuce abuna.

Abun da nake so mu fahimta a rubutun nan shi ne, mutumin da ke gab da wannan ɗanyen aiki yawanci sai ya bi ta hannunmu tukuna, ta aji, ta kemis ko asibiti, ta gida da majalisa da masallaci. A nan ne ake tare shi ko kuma ya sulale.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma sama da kashi 70 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, wato dai maganar cewa ciwon Turawa ne ko na 'yan gayu ba ta da tushe. A ƙiyasin 2019 nahiyarmu ta Afirka ce ma a sama, mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9 ne. Tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29 yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su, kuma a bayan duk mutum ɗaya da ya mutu akwai sama da 20 da suka gwada suka tsira. Maza sun ninka mata mutuwa ta wannan hanya fiye da sau biyu, ni dai ina ganin tarbiyyar nan tamu ta namiji ba ya kuka tana da hannu a ciki.

Me ya sa mu a nan ba ma ganin girman abun? Kunya ce ta farko, gidan da abun ya faru suna tsoron a daina neman auren 'ya'yansu, a riƙa nuna su da baki. Na biyu kuma doka ce. Sashe na 231 na tsohon kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Final Kod, ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya ko tara ko duka biyun ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, a Kudu ma sashe na 327 na nasu kundin shekara ɗaya ya ce. Gadon Turawan mulkin mallaka ne, su kansu a Ingila tun 1961 suka soke tasu. Ka duba fa, yarinya ta sha wani abu, uwarta ta gan ta tana numfashi sama-sama, maimakon a ruga asibiti sai a tsaya ana ɗura mata manja ko madara a ɗaki don kar 'yan sanda su shigo maganar, alhali ɗuren nan kansa yana iya sauka cikin huhu ya ƙarasa ta. Majalisar Ghana ta cire wannan laifi daga dokarta a 2023, ministan lafiyarmu Farfesa Muhammad Ali Pate shi ma ya faɗa a 2024 cewa ana aikin cire shi. Sannan a farkon 2023 aka sanar marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ita ma asalinta tun 1916. Ci gaba ne, amma doka a Abuja daban, abun da ke faruwa a ɗakin tsohuwa a ƙauye daban.

Yanzu bari mu zo kan ciwon kansa, don a nan ne aka fi samun ruɗani. Mu da an ce lafiyar ƙwaƙwalwa sai hankalinmu ya tafi kan wanda ke yawo a bola da tsumma, shi ya sa kowa ke gudun kalmar. Ciwon damuwa ba haka yake ba, mutum yana sallarsa yana zuwa kasuwa yana gaisawa da kowa, amma a ciki komai ya mutu. Likitoci suna duba ne idan an yi sati biyu ko fiye kusan kullum zuciya a ƙuntace, abun da da yake sa shi nishaɗi yanzu ko a jikinsa, barci ya lalace, musamman farkawa tun tsakar dare a kasa komawa, abinci ba ya shiga, ga gajiya ba a yi aikin komai ba, ga ganin kai ba shi da amfani ya zame wa mutane kaya. Kuma Bahaushe ba zai zo ya ce maka ina da ciwon damuwa ba, abun da zai ce shi ne ƙirjina ya yi nauyi, kaina kamar ana hura wuta, wani abu na yawo a jikina, tunani ya yi min yawa. Sai a auna a ce taifot da maleriya, a yi allurai a sha ƙwayoyi, bayan sati uku ya dawo a sake cewa taifot, haka za a yi ta yi har shekara, ba wanda ya taɓa tambayarsa yaya barcinka, me ke damunka a gida.

Ba duk wanda ya kashe kansa ne yake da daɗaɗɗen ciwo ba kuma, wannan ma a riƙe shi. Wani bashi ne ya sha kansa, wata auren dole, wata kishiya da dukan miji, wani an yaɗa hotonsa a Facebook an tozarta shi, wani faɗuwa jarrabawa, wani kuma 'yan bindiga sun kashe nasa a gabansa yana zaune a sansanin gudun hijira ba gona ba sana'a. Ga shaye-shaye a gefe yana ƙara wa wutar fetur, binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. Abubuwa ne suke taruwa su hau kan juna, shi ya sa nake jin haushin kanun labaran nan na "ya kashe kansa saboda budurwa ta ƙi shi", kamar abu guda ne.

Nasan wani zai ce ai raunin imani ne, mai tawakkali ba ya shiga damuwa. Dan Allah mu bi maganar nan a hankali. Haramcin kashe kai a Musulunci ba shi da ja, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta ce kada ku kashe kanku, kuma wannan hani yana tare mutane da yawa, alheri ne. Amma ayar da ta hana ɗin da rahama ta rufe, cewa Allah Mai jin ƙai ne gare ku. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har yau sunanta shekarar baƙin ciki. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufail ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina ya yi wa kansa rauni a hannu ya mutu, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa masa gafara har da hannayen nasa. Toh idan mai ciwon suga ba ma ce masa imaninsa ne ya yi rauni, don me za mu faɗa wa wadda ta haihu wata biyu tana kuka dare da rana ta kasa ko kallon jaririn cewa ba ta da godiyar Allah? Wanda ke cikin wannan hali dama ya gama yanke wa kansa hukuncin shi ba mutumin kirki ba ne, in ka zo masa da wa'azin wuta kaɗai ka tabbatar masa da abun da yake tunani kenan, daga ranar ba zai ƙara buɗe maka baki ba. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, a kuma je asibiti, babu wanda ya hana wani.

Akwai abu ɗaya da in mutum ya gane shi duk sauran bayanin zai zo masa da sauƙi, wato lokacin da mutum ke kan gaɓar aikatawa gajere ne ƙwarai. Damuwar tana iya ɗaukar watanni amma shi wannan yunƙurin kamar guguwa yake, ya taso ya lafa. A wani bincike da aka yi a Ostiriya kusan rabin waɗanda suka gwada suka tsira sun ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba. Sannan cikin mutum 10 da suka tsira, kusan 9 ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Ma'ana in a wannan ɗan taƙin abun da zai kashe shi ba ya kusa da hannunsa, akwai kyakkyawan zaton zai rayu har tsufa. Mutane na cewa ai wanda ya yi niyya ko ka ɓoye wannan zai nemi wancan, amma abun da ya faru a Siri Lanka ya ƙaryata haka. Ƙasar manoma ce, a wajajen 1995 tana cikin na gaba-gaba a duniya wajen kashe kai, yawanci da maganin feshin gona, sai gwamnati ta bi mafiya guba daga cikinsu tana haramtawa ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara 20 adadin ya sauka da kusan kashi 70, an ƙiyasta rai 93,000 aka tsirar, kuma noma bai faɗi ba. Mu ma nan hukumar kula da ingancin abinci da magunguna NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a shaguna da kasuwanni a 2019 bayan da matasa suka yi ta mutuwa, da gangan na ƙi kama sunansa. Amma ka shiga gidajenmu ka gani, maganin feshi na ƙarƙashin gado ko saman taga a ɗakin da 'yan mata ke kwana, wani ma an juye shi a gorar lemo. In akwai mai damuwa a gida, a fitar da irin waɗannan a kulle a wani waje, magungunan asibiti ma wani babba ya riƙe yana ba shi na yini-yini.

Sai asibiti. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu ficewa waje suke. Muna da asibitin Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, amma mutumin ƙauye kafin ya haɗa kuɗin mota ya kuma haɗiye kunyar a ce an kai shi Dawanau, an makara. Wannan giɓin ne gidajen mari suka cike, kowa ya tuna 2019 lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sasari a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta sa su ba, rasa inda za su je suka yi.

Mafitar da aka gwada ta yi aiki ita ce a sauko da aikin ƙasa. Bincike ya nuna kusan kashi 45 na waɗanda suka kashe kansu sun ga ma'aikacin lafiya na matakin farko a cikin watan ƙarshe na rayuwarsu, kaga kenan malamin asibitin sha-ka-tafi da nas da unguwarzoma su ne a bakin ƙofa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don koya wa irin waɗannan ma'aikata gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da ba da maganin farko, su kuma san lokacin da za su tura gaba, Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya yi aiki sosai wajen daidaita shi da yanayin Najeriya. Shi ne ma ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi da aka wallafa a 2020 inda ma'aikatan lafiya suka riƙa shiga wajen masu maganin gargajiya da na addini suna duba marasa lafiyar tare, kuma waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. Dama tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara irin haka a Aro ta Abeokuta, marasa lafiya suna zama a gidajen ƙauye tare da ɗan uwansu maimakon a kulle su. Tunda mutanenmu wajen malam suke fara zuwa, hankali shi ne a jawo malaman a jiki. Kuma a sani, maganin damuwa yana ɗaukar sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, mutane da yawa suna yar da shi a satin farko su ce ba ya yi.

Wanda ya taɓa gwadawa aka ceto shi, shi ya fi kowa zama cikin haɗari, musamman watannin farko bayan sallama, amma mu sai a yi masa faɗa a asibiti a wanke ciki a ce kar ka ƙara, shikenan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gwaji a ƙasashe biyar, Birazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, aka yi wa wasu daga cikin waɗanda suka gwada aka ceto su zaman bayani na awa ɗaya sannan aka riƙa bibiyarsu ta waya ko ziyara har wata 18, cikinsu kashi 0.2 ne suka mutu ta kashe kai, waɗanda ba a bibiya ba kashi 2.2. Kiran waya ne fa kawai da leƙawa.

Makaranta kuwa dalilin muhimmancinta shi ne kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, kuma ɗaya cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wani nau'i. A yawancin makarantunmu na gwamnati ofishin malamin ba da shawara suna ne kawai, in ma akwai shi an haɗa masa da darasi uku, aji kuma yara sun fi ɗari. Yaron da ya fara fashi, makinsa ya zube, yana barci a aji, bulala yake samu da tozarci a gaban asambuli. A makarantun kwana ga zaluncin siniyoyi, a jami'a ga kariyoba, wato maimaita darasin da aka faɗi, da kuɗin rajista da ya ninka da tsoron komawa gida a ce an kore ka. An yi wani babban gwaji a ƙasashen Turai 10 da ɗalibai kimanin 11,000, aka wallafa a 2015, inda aka ba yara awa biyar kacal cikin wata ɗaya suna tattaunawa da wasan kwaikwayo kan yadda za ka yi in abu ya dame ka ko ya dami abokinka, bayan shekara yunƙurin kashe kai a cikinsu ya ragu da kusan rabi. Hikimar ita ce yaro abokinsa yake fara faɗa wa kafin malami ko uwa, don haka abokin ake koya wa cewa wannan sirrin ba a riƙe shi. Islamiyyu da tsangayu ma suna ciki, almajirin da aka rabo da uwarsa yana shekara bakwai shi ma zuciya gare shi.

A cikin unguwa kuma misalin da ya fi burge ni na Zimbabuwe ne. Wani likita Dixon Chibanda, bayan wata mara lafiyarsa ta kashe kanta saboda ba ta da kuɗin motar zuwa wajensa a Harare, sai ya koya wa tsofaffin mata yadda ake sauraro da taya mutum warware matsala ɗaya bayan ɗaya, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci. Su a yarensu ciwon ma sunansa yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu da muke da gwaggo da inna da uwargida mai kula da mai jego, ga limami ga mai unguwa, kayan aikin duk akwai, horon ne babu, sai kuma riƙe sirri, don in abun da aka faɗa wa gwaggo zai zaga gidan biki gobe toh ba mai zuwa.

Masu ɗora hoton gawa da wasiƙar ƙarshe da sunan abun da aka sha a Facebook da TikTok, ku ji tsoron Allah. Abun yana yaɗuwa kamar annoba ga masu rauni. A birnin Biyana na Ostiriya da 'yan jarida suka canza salon ba da irin wannan labari a 1987, mace-macen kashe kai da ake samu a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa sun ragu da fiye da kashi 70.

Toh in ka ga alamun a wani fa, ko ka ji yana cewa na gaji da duniya, gara in mutu in huta, kun kusa hutawa da ni? Kar ka ce wasa yake ko neman a kula shi yake. Ka ja shi gefe inda ba kowa, ka ce ɗan uwa na ga kwana biyu ba ka cikin walwala, me ke faruwa, ka yi shiru ka saurara ba tare da ka katse shi da ai wane ya fi ka shiga matsala ba. Sannan ka tambaye shi kai tsaye, shin tunanin kashe kanka yana zuwa maka? Mutane na tsoron tambayar kar su sa masa ra'ayin, an bincika an ga ba ta sawa, sau da yawa ma ajiyar zuciya mutum yake yi don an samu wanda ya gane. In ya ce eh, musamman in har ya tanadi yadda zai yi, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da abubuwan haɗari, a shigo da wani babba da ya yarda da shi, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, in gaggawa ce akwai lambar 112. Kai ma mai karatu in kai ne a cikin halin nan, ka faɗa wa mutum ɗaya yau ɗin nan, ciwo ne mai magani kuma mutane da yawa sun fita daga cikinsa.

Su ma waɗanda aka mutu aka bari suna cikin haɗarin, kuma su ne aka fi mantawa. Gidan yaron nan na unguwarmu bayan sadakar bakwai ƙafa ta ɗauke, mutane ba su san me za su ce ba sai suka daina shiga gaba ɗaya. Mahaifiyarsa ta daina zuwa biki da suna, ƙanwar da ya ba kwamfutar ta kusa shekara ba ta buɗe ta ba, kullum tana cewa da ta tambaye shi dalilin kyautar. Matan layin ne daga baya suka tsara a tsakaninsu, duk Juma'a biyu daga cikinsu su shiga su yini da uwar, su ne kuma suka lallaɓa aka kai yarinyar ta ga likita.